Idan zomo ya fi ƙarfinka a Legas: yadda za ka sama masa wani gida

Zomaye biyu na saya wa autata ranar da ta kai izu goma a Islamiyya. Mai sayarwa ya rantse mini duka mata ne. A lokacin ban san yadda ake dubawa ba, sai na biya, na rungumo kwali muka dawo gida Agege. Ba a yi wata huɗu ba, wata safiya uwargida ta tashe ni, ta ce in zo in ga ikon Allah. A lungun keji, cikin tulin gashin da macen ta tsige daga ƙirjinta, wasu jajayen abubuwa bakwai ne ke motsi, ba gashi, ido a rufe. Biyu sun koma tara. Ban raba ta da namijin ba, don ban san macen zomo tana iya ɗaukar wani cikin washegarin haihuwarta ba, kuma cikin nata kwana 31 ne, ko ya ɗara kaɗan ko ya gaza kaɗan. Bayan wata guda muka wayi gari da zomaye 15.

Gidan haya muke, irin na ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. Baba mai gida, dattijon Bayarabe da ke jin Hausa kamar jakin Kano, ya ja ni gefe bayan Magariba. Ya ce, "Malam, ni ba na son doguwar magana. Maƙwabtanka sun kawo ƙara kan wari. Ka san yadda za ka yi da su." Na ce, "To Baba, a yi mini haƙurin wata ɗaya." Wata ɗayan nan sai da ya kusa zama uku. Sayen zomo aikin minti goma ne. Rabuwa da shi yadda ba za ka kwana da nauyinsa a wuya ba, wannan kam kowa ya ci zomo ya ci gudu. Abin da na koya a watannin nan shi zan shimfiɗa a nan, har da inda na yi kuskure.

Kafin ka fara neman mai karɓa, zauna ka tambayi kanka me ya kore ka. Wani lokaci matsalar tana da magani mai sauƙi. In wari ne, fitsarinsu ne ke kawo shi, kashin busasshe ne ba ya damun kowa. Zomo yakan zaɓi lungu ɗaya ya riƙa fitsari a nan, sai ka ajiye faranti mai zurfi ko tsohuwar robar wanki a wannan lungun, ka zuba ɓuntun shinkafa ko yagaggiyar jarida, ka riƙa zubarwa kullum kana ɗaurayewa. In haihuwa ce ta ishe ka, raba maza da mata tun suna wata uku, ko a kai namijin asibitin dabbobi a yi masa fiɗiya da allurar barci. Kada a yi masa irin dandaƙar da ake yi wa bunsuru a gida. Bayan fiɗiyar ma a bar shi shi kaɗai kamar mako shida, don a tsakanin nan yana iya ba da ciki. In kuwa wayar caja da wayar fanka yake gutsirewa, laifin na wanda ya bar waya a ƙasa ne. Amma in mai gida ne ya ce bai yarda ba, ko za ka koma Arewa gaba ɗaya, ko wani a gidan yana fama da asma gashin na tayar masa, ko aljihu ne ya gaza, to ba abin kunya ba ne ka nemi wanda zai riƙe.

Abu ɗaya ne nake roƙon ka da girman Allah kada ka yi: kada ka ɗauke shi ka sake shi a bakin kwata, ko gefen layin dogo, ko wani fegi da ciyawa ta rufe, ka ce ai daji gidansu ne. Mu Hausawa suna ɗaya muke kiran dabbobi biyu da shi, shi ya sa muke ruɗewa. Zomon da muka taso muna bi da karnuka a gonakin Arewa daban ne da wannan na keji. Na daji ana haihuwarsa da gashinsa, idonsa a buɗe, ba ya haƙa rami, ƙafarsa ce garkuwarsa. Na gida kuwa asalinsa daga ƙasashen Sifaniya da Fotugal ne, jinsin masu haƙa rami, ana haihuwarsa tsirara, sai ya yi kamar kwana goma kafin ya buɗe ido. Ko barbara ba sa yi da juna. Farin zomon da ya tashi a keji, yana ganin abinci na sauko masa daga sama safe da yamma, bai san kare ba, bai san shaho ba, ga shi fari fat ana hango shi daga nesa. Ɗan ƙanwata da ke jami'a ya so ya kayar da ni da labarin Ostareliya, inda wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki zomaye 24 a shekarar 1859 suka cika ƙasar. Na ce masa gaskiya ne, amma can fili ne fetal ba masu cin su da yawa, kuma abin bala'i ya zame musu, har katangar waya mai ɗaruruwan mil suka gina don tare su. A Legas kuwa, tsakanin karnukan unguwa, ɓerayen kwata masu girman mage, da ambaliyar watan Yuni, da wuya ya ga kwana uku. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma bar ta ta nemi abincinta ba. Sakin dabbar da ba ta iya neman abinci ba, a wurina, ɗan'uwan wancan kullewar ne.

Sai maganar tukunya, tunda dole a yi ta. Naman zomo halal ne, akwai hadisin Anas kan zomon da suka kama aka aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cinyarsa ya karɓa. Mai kiwo don nama sana'arsa yake yi, ba ni da ta cewa. A ganina ma yanka da wuƙa mai kaifi ya fi jinƙai nesa ba kusa ba a kan jefarwa a bola. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yaudara: ka ba mutum zomon da 'yarka ta raɗa wa suna, ya ce zai kula da shi, da yamma ya zama farfesu. Don haka ka yanke shawara kai da iyalinka tun farko. In ba ku damu ba, shi ke nan. In kun damu, ka faɗa wa mai karɓa ƙarara.

Yanzu shirya zomon kansa. Kada ka ba da ɗan da bai kai mako takwas ba, ko da ka ga yana cin ganye tun yana mako uku. Cikinsa bai ƙosa ba, zawo kaɗan ke kashe shi. Kuma kada ka ga uwar ba ta zama a kansu ka ce ta ƙi su, ka kwashe. Haka suke: sau ɗaya ko biyu take shayarwa a yini, minti biyar ta gama, yawanci da dare ko da asuba.

Ka koyi bambance mace da namiji, don kada ka ɗora wa wani irin abin da aka ɗora mini. Ka zauna a ƙasa, ka kwantar da shi a cinyarka kana tallafe da bayansa, ka ɗaga wutsiya, ka danna a hankali da yatsa biyu gefen al'aurar. Ta namiji takan fito a mulmule kamar bakin ƙaramin bututu, ta mace kuma tsaga ce a tsaye. Daga wajen mako goma zuwa sha biyu 'ya'yan marainan namiji sukan bayyana, abin ya zo da sauƙi. In kana shakka, kai wa wanda ya daɗe a kiwo ya duba.

Sannan ka bi jikinsa da ido da hannu. Leƙa cikin kunne: in ka ga ɓawo-ɓawo mai launin ƙasa, ƙazuwar kunne ce, wasu ƙananan ƙwari ke kawo ta, kada ka ɓanɓare da hannu, likitan dabbobi na da allurarta. Duba hanci ko akwai majina, da cikin ƙafafun gaba ko gashin ya dunƙule saboda goge hancin. Ɗaga leɓe ka ga haƙoran gaba sun hau kan juna daidai. Juya tafin ƙafar baya ko ragar waya ta ci shi. Duba ƙarƙashin wutsiya, dole ya zama a bushe, don a damshin Legas ƙuda na iya yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, tsutsa ta fito cikin yini guda ta fara cin nama. Duk abin da ka gani, ka yi magani kafin ka bayar, ko ka faɗa wa mai karɓa. Mai cizo ne? Faɗa. Matsoraci ne? Faɗa.

Akwai kuma cutar da ta sa masu kiwo kuka a Kudu maso Yamma a shekarar 2020, cutar zubar jini ta zomaye. An fara ganinta a ƙasar Sin a 1984, wani sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010. Zomo yana lafiya da dare, da safe ka tarar da gawa, wani lokaci da ɗan jini a hanci. Ba ta kama mutum, amma ƙwayar cutar tana daɗewa a jikin keji, buhun abinci, takalmi, har ƙuda na ɗaukar ta. In wani naka ya mutu farat ɗaya ba dalili, ka dakatar da rabon gaba ɗaya, ka nemi likita, ka kuma tambaye shi batun rigakafi. Kai zomo daga gidan da aka yi irin wannan mutuwar zuwa gidan wani zalunci ne.

Neman mutumin kirki shi ne ya fi cin lokaci, zomo dai ba ya kamuwa daga zaune. Ni da 'yan'uwa na fara, sai abokan sahu a masallaci, sai na sa hoto a WhatsApp. Akwai zaurukan masu kiwon zomo a Facebook, akwai makarantun da ke da 'yar gonar koyar da aikin noma, kuma asibitocin dabbobi sukan san masu nema. Ka ɗauki hoto da rana, ka rubuta shekarunsa, jinsinsa, abin da yake ci, da dalilin bayarwa. Kalmar "kyauta" kuwa ka yi hattara da ita. Ranar da na rubuta ta, kafin La'asar mutum takwas sun kira. Wani ko sallama bai gama ba ya ce, "Alhaji, kilo nawa babban zai yi?" Na ce, "Ɗan'uwa, wannan ba na awo ba ne." Daga ranar na riƙa cewa sai mutum ya biya wani abu kaɗan, ko ya nuna mini kejin da ya tanada. Wanda zai kashe kuɗi a kan katako da waya kafin ya karɓi zomo, da wuya tukunya ce a ransa.

Tambayoyin da nake yi ba su da yawa, amma ba na tsallake su, kuma cikin hira nake saka su don kada mutum ya ji kamar ana tuhumarsa. Wa zai riƙa ba shi abinci? In aka ce "yara", sai in ce to wane babba ne a bayansu, don ɗokin yaro mako biyu ne, zomon gida kuwa in ya samu kulawa yana kai shekara 8 zuwa 12. Yarinyar da ke aji uku na firamare yau, tana iya gama sakandare zomon na nan. Gidanka ne ko haya, kuma mai gida ya sani? Akwai kare ko mage? A ina janareta yake, naka da na maƙwabta? Sai babbar tambayar da ta shafe mu mazauna Ikko: in za ka tafi gida Sallah, ko bikin aure, ko ganin gona da damina, wa za ka bar wa? Da yawanmu mukan kulle ɗaki mu yi mako uku a Kano ko Sakkwato. Akuya a bar wa maƙwabci ya watsa mata dusa, ta rayu. Zomo in ya yi awa 12 bai ci komai ba, hanjinsa na iya tsayawa, kuma daga nan mutuwa ba ta da nisa.

In ka samu wanda hankalinka ya kwanta da shi, saura ka koya masa. A nan na fi daɗewa da kowa, don yawancin abin da mutane suka ɗauka sun sani game da zomo ba daidai ba ne.

Abinci tukuna. Karas ba abincin zomo ba ne, alewarsa ce. Zaƙi ya yi masa yawa, guntu kamar tsawon yatsa ya isa, ba kullum ba. Ginshiƙin abincinsa ciyawa ce, ɗanya ko busasshiya, tuli kamar girman jikinsa kowace rana. Dalili biyu ne. Haƙoransa 28 ne kuma ba sa daina tsiro har ya mutu, na gaba sukan ƙaru da kusan milimita 2 a mako, tauna ciyawa ce ke goge su. In ba ya samu, sai su yi zaƙo-zaƙo su soki harshe da kunci, ya riƙa dalalar da miyau, ya daina ci. Na biyu, hanjinsa sai da ƙaiƙayin ciyawa yake motsi, ga shi ba ya iya amai, duk abin da ya shiga sai ya bi hanya ya fita. Mu a Agege mun yi sa'a, harawar wake da ta gyada da ake kawo wa raguna daga Arewa tana samuwa wajen Oko-Oba. Harawa tana da kyau musamman ga ƙanana da mai shayarwa, babba kuwa a haɗa masa da ciyawa zalla don kada ya yi teɓa. Ka shinshina kafin ka saya, in tana warin fumfuna ka bar ta, kuma da damina kada ka ajiye buhun a kan siminti. Ganyen dankalin Hausa, ganyen gwanda, zogale, ganyen ayaba, ganyen kan karas da masu kayan gwari ke zubarwa a Mile 12, duk suna ci. A wanke, a shanya su sha iska, kada a ba su ganye jiƙe sharkaf ko wanda ya fara ruɓa. Kabeji kaɗan-kaɗan, yana kumbura ciki. Abincin kamfani da masu kiwo ke kira felet, ɗan cikin tafin hannu ya isa babba a yini. Burodi, biskit, ragowar shinkafa da miya, albasa, fiya, ganyen dankalin Turawa da na tumatir, ɗanyen ganyen rogo, duk a nisanta su. Ciyawar bakin titi ma ka tabbata ba a fesa mata maganin kashe ciyawa ba.

Wai zomo ba ya shan ruwa. Ban san wa ya fara wannan maganar ba, amma ta kashe zomaye da yawa. Yana sha sosai, mai kilo biyu zai iya shanye kofi guda a yinin zafi. A sa masa a kasko mai nauyi da ba zai kifar ba, a canja kullum.

Akwai abin da sabon mai zomo zai gani ya tsorata, gara ka gaya masa tun wuri: zomo yana cin wani kashi nasa. Iri biyu yake yi, busasshe mai kama da ƙwayar wake wanda kake sharewa, da wani mai laushi a cure kamar 'ya'yan inabi wanda yake ɗauka kai tsaye daga jikinsa ya haɗiye, yawanci da dare. Daga nan yake samun wasu sinadaran da bai tsotsa ba a zagayen farko. Lafiya ce, a bar shi.

Sai zafi, wanda shi ne babban makashin zomo a garin nan. Ba ya gumi kamar mu, ta kunnuwansa yake fitar da zafin jiki. Da zarar yanayi ya haura digiri 30 ya shiga wahala, kuma a watannin Fabrairu da Maris zafin rana a Legas yakan kai 33, ga damshin teku da ke hana iska sanyaya jiki. A nan na yi babban kuskurena. Na ba wani ɗan'uwan uwargida mace ɗaya, mai launin toka, wadda ta fi kowa lafiya a cikinsu. Na amince da shi don na gida ne, ban nemi ganin wurin ba. Ashe a baranda ya ajiye kejin, ƙarƙashin kwano, inda ranar yamma ke duka, kusa da janareta. Kwana na huɗu ya kira ni da Azahar, ya ce, "Yaya, ga ta nan kwance ta miƙe, tana numfashi da baki, kunnenta ya yi ja." Kafin in keta gosulo in isa, ta mutu. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, kuma a wannan karon ni ne marataya. Tun daga nan, ɗan'uwa ko bare, sai na ga hoton wurin da tsakar rana. Keji ya kasance a inuwa mai iska, in rufin kwano ne a shimfiɗa buhu ko tabarma a kai. Ranar da aka samu wuta, a daskarar da ruwa a robar lemo, a naɗe da tsumma a ajiye masa ya jingina. Fale-falen tayil guda a cikin keji ma yana taimakawa. In ya fara haki, a shafa wa kunnuwansa ruwa mai ɗan sanyi, a kai shi inuwa, a nemi likita. Kada a tsoma shi cikin ruwa. Wanka ma gaba ɗaya ba a yi wa zomo, shi ke wanke kansa kamar mage.

Kejin ya zama wanda zai yi tsalle uku a jere a ciki, ya kuma miƙe tsaye kunnensa bai taɓa rufi ba, da wani akwati ko lungu na ɓuya. In ƙasan raga ce, a sa katako a rabi don tafin ƙafa. Ragar ta zama mai ƙananan ƙofofi, don ɓera na shiga ya cinye jarirai. Ƙafafun kejin a tsoma su cikin gwangwani mai baƙin mai saboda kwarkwasa, a kuma ɗaga shi sama yadda ruwan ambaliya ba zai kai ba. Kullum a sake shi ya zazzaga a wuri mai tsaro. Ranar da za a fesa maganin sauro ko a zuba fiya-fiya a ɗaki, a fitar da shi nesa.

Ɗauka kuma, a daina kama shi ta kunne yana reto. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawu, a manna shi da jiki. Ƙashin bayansa ba shi da ƙwari, ƙafafun baya kuwa ƙarfi gare su, in ya yi harbi a iska yana iya karya bayan kansa. Yara su zauna a ƙasa su bar shi ya zo da kansa.

Gargaɗi na ƙarshe da nake rubuta wa kowa a takarda shi ne na magani. Mun saba in kaza ta yi sanyi a ruga kemis a sayo kafso a buɗe a ruwa. Kafso irin su amoksisilin da ampisilin in aka ɗura wa zomo ta baki suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, ya yi zawo ya mutu. Maganin ƙuma da kaska na karnuka mai sinadarin fifronil shi ma guba ne gare shi. Ka ba sabon mai shi lambar likitan dabbobin da ya saba duba zomaye, don ba kowane ne ya saba ba.

Ranar tafiya, ka fita bayan sallar Asuba, kafin rana da gosulo su haɗu. Kwali ba ya yi, zai gutsire shi, fitsari kuma ya jiƙa ƙasan ya ɓarke. Kwandon roba mai murfi da ƙofofin iska ya fi, a shimfiɗa tsohon tawul da ciyawa a ciki. Uku na kai wa wani malamin makaranta a Ikorodu, na bi ta Ojota, Ketu, Mile 12. Kwandastan danfo ya so ya jefa kwandon a but, na ƙi, don injin irin waɗannan motocin a baya yake, but ɗin tanda ne. Na biya kuɗin kujera biyu na ajiye shi gefena kusa da taga, wata mata tana ta leƙe tana dariya. Ka tafi da abincin da ya saba na aƙalla mako guda, da kaskon ruwansa, da ɗan dunƙulen tsohuwar shimfiɗarsa mai ɗauke da ƙamshinsa. In sabon gida za su canja abinci, su riƙa gauraya sabo da tsoho a hankali tsawon kwana goma. Waɗanda suka shaƙu da juna, suna kwana a manne suna lasar juna, kada a raba su, a ba da su tare.

In akwai zomaye a gidan da za a kai shi, a ware baƙon shi kaɗai aƙalla mako biyu, a riƙa ba shi abinci daga ƙarshe, a wanke hannu. Bayan nan ma ba a jefa shi cikin kejin wani kai tsaye. A haɗa su a wurin da ba na kowa ba, mutum na tsaye. Maza biyu da ba a fiɗiye ba kuwa kada ma a gwada, suna iya yaga juna.

Yaran gida kada a yi musu ƙarya cewa zomo ya gudu. Autata ita ta zuba ciyawar cikin kwandon da hannunta, ta yi kukanta, malamin kuma ya riƙa turo mata bidiyo. Ni kuma tambaya biyu nake yi a waya da yamman ranar farko da kuma washegari: ya ci? Ya yi kashi? In amsar duka e ce, sauran mai sauƙi ne. Zai ɓuya kwana biyu ko uku, yana buga ƙafar baya a ƙasa in ya ji motsi, a ƙyale shi. Ranar da aka gan shi ya yi tsalle ya murɗa jiki a iska, ko ya faɗi a gefe ya miƙe kamar matacce, ya karɓi gidan. In kuwa ya dunƙule wuri guda yana cizon haƙora da ƙarfi, ciwo ne.

Kowa na ba, sai na ce masa, "In ya gagare ka, ka dawo mini da shi, ba zan tambaye ka dalili ba." Dole ka cika wannan alkawarin in an zo. Bayan Babbar Sallah wani matashi mai sayar da waya a unguwarmu ya yi sallama da dare, riƙe da bagko, yana ta sunkuyar da kai. Ya tafi gida mako uku, yaron da ya bar wa bai kula ba. Na buɗe na ga farin namijin nan da muke kira Alli, ƙashin baya duk a waje, kunne cike da ɓawo. Na ce, "Ba komai ƙanena, ka kyauta da ka kawo." Allura uku aka yi masa, ya koma cin harawa kamar ba gobe. Na je na sami Baba mai gida na ce zomayen da muka yi yarjejeniya a kan biyu sun zama uku na ɗan lokaci. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, na ɗan lokaci fa." Alli na nan a lungun bayan ɗakinmu, kunnen ya warke, kuma mutum biyu sun tambaya, amma har yanzu ba wanda ya turo hoton keji.